Ruwan da Ya Hau Katanga

Khalilu ya tsoma karan gwanda a randa, ya lanƙwasa shi kan katangar gidan alƙali, ya zuƙa ta waje. Ruwa ya hau, ya tsallake, ya zuba a ƙasa. Mutanen Kontagora suka ja da baya.

Maita ake tuhumarsa da ita, domin wata tsohuwa ta ga ruwa yana hawa katangarsa. In laifin ya tabbata, korarsa za a yi daga gari.

"Allah ya gafarta Malam, wannan karatu ne," in ji Khalilu. "A Bida na koyi halin ruwa. Ba ya ƙin hawa, muddin inda zai sauka ya fi gangare."

Alƙali Abdulsalami ya gwada da bakinsa, ruwa ya bi shi har gemu. Nan take ya wanke Khalilu. Sannan ya tambaye shi a hankali, "Manja ma yakan hau?"

Daɗi ya kama Khalilu, yau an san darajar iliminsa.

"Yakan hau, amma kauri gare shi. Sai rana ta bugi randar. Kuma sai an haɗa karare da danƙo kafin su kai bayan rumbun…"



"Ƙarasa mana, maƙwabcina," in ji alƙali. "Tun bara manjana ke raguwa, nake wa randar turaren korar aljanu, ashe aljanin a Bida ya yi karatu."