Odar Moton Baba

Ranar da Baba, malamin kimiyya a makarantar lise, ya sayo moto, wato babur, na tare shi a ƙofar gidanmu na Wadata.

"Baba, an cuce ka. In kana tahowa odarsa siririya ce, in ka wuce sai ta yi kauri."

Ya yi dariya, ya yi ta wuce ni yana danna oda, maƙwabta suna leƙowa.

"Lafiyarta lau, ɗiyata. Mai tahowa yana matse sautinsa, mai tafiya yana miƙe shi. Haka ake gane tauraron da ke nisantarmu, haskensa yakan yi ja-ja."

"To, kai kar ka yi ja."

Sai ya ɗora ni gaba, muka zaga unguwa. Yau ni ke koyar da darasin, kuma ba na gama shi ban yi murmushi ba.