Injin Farfesoshi Biyar

Darakta yana cikin goge ƙurar jikin injin da hankicinsa sai sakatariyarsa ta leƙo ta ce 'yan kwamiti sun iso bakin gini. Yau za a yanke hukunci: ko a ƙara wa Cibiyar Haɗakar Binciken Injiniya wa'adin shekara biyar, ko a rufe ta, shi kuma ya koma koyar da 'yan ajin farko su ɗari huɗu a zauren da ko fanka babu. Bawan Allahn nan ya fi tsoron alli a kan mutuwarsa.

Cibiyar ta tara farfesoshi biyar: na lantarki, na kanikanci, na gine-gine, na sinadarai, da na kwamfuta. A saman ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai hannuwan nan biyar ba sa haɗuwa sai a kan faranti, ranar walimar ƙarshen shekara. Suna kuma da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: farfesa ba ya tambayar farfesa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma a gidan nan gara mutum ya ɓata da girmansa.

Shekara biyu babban ɗakin bincike yana nan wayam, sai gizo-gizo. Rannan Darakta ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani, ya tarar da injin a tsakiyar ɗakin, ƙato, yana ƙyalli, da zagayayyar ƙofa mai kaurin gilashi da bututu biyu a bayansa. Nan take ya san aikin farfesan kanikanci ne. Bai tambaya ba, kada a ce shugaba bai san abin da ake yi a gidansa ba.

Da farfesan kanikanci ya zo, ya zagaya injin sau biyu, ya gyaɗa kai. "Lallai mutanen sinadarai sun yi ƙoƙari," ya ce. Darakta ya yi mamakin wannan tawali'u daga mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Daga nan sai kishi ya yi abin da takardun gargaɗi suka kasa. Kowa ya ji tsoron a ci ba da shi ba. Farfesan gine-gine ya zuba wa injin gindin siminti don ya daina rawa. Na lantarki ya ja masa wayoyi kala bakwai. Na kanikanci ya auna saurin juyawar gangar da ke cikinsa. Na sinadarai ya ɗaura matatar ruwa a bakin bututu ɗaya, na kwamfuta ya kafa allo mai zana layuka kore da ja. Kowa yana zuwa a ranarsa, ya taɓa gefensa, ya bar na wani. Aka raɗa masa suna Injin Tace Gurɓataccen Ruwa. Aka wallafa maƙaloli uku a kansa, kuma rigimar sunan wa zai fara zuwa ta fi binciken daɗewa.

Shugabar kwamiti tsohuwar farfesa ce, mai tabarau a kan hanci, wadda ta riga ta rufe cibiyoyi biyu a bana ba tare da ta sha ko ruwan kowa ba. Ta ce a kunna.

Aka zuba bokiti uku na ruwan kwata. Ganga ta juya, ɗaki ya ɗauki ruri, layuka suka yi ta tsalle a allo. Darakta yana addu'a a zuci. Bayan minti ashirin ruwa ya fito ta matatar, ba dai na sha ba, amma ya fi yadda ya shiga.

"Wa ya tsara ainihin jikin injin?" in ji ta.

Farfesoshi biyar suka yi murmushin kunya, kowa ya nuna na kusa da shi.

"Aikin haɗin gwiwa ne, ranki ya daɗe," Darakta ya yi maza ya ce.

Tsohuwar ta cire tabarau. Ta ce shekararta talatin a jami'a, ba ta taɓa ganin farfesa ya ture yabo zuwa ga ɗan'uwansa ba sai yau. Ta zare biro, ta buɗe takardar ƙarin wa'adi a kan tebur. Darakta ya ji kamar ya yi kuka don daɗi.

Sai aka yi sallama. Wata mata ce mai farin tufafin aiki, da takarda mai hatimi a hannu, ƙarti huɗu da amalanke a bayanta. Ta gaida manya da ladabi, ta kalli wayoyin da simintin, ta riƙe haɓa. Biro ya tsaya a sama.

"Ku yi haƙuri, malamai," ta ce. "Ni ce shugabar masu wanki a asibitin jami'a. An gama gyara mana ɗaki, shi ne na zo ɗaukar injin wankin zannuwan gadonmu da aka ajiye a nan shekara biyu da suka wuce, don an ce mana duk jami'ar nan ɗakinku ne ba mai shiga."