Kukan da Ke Cikin Fawa

Karo na uku ke nan Malam Abdulmannan ya kwance bayan kwamfutar, ya dafa bakin sukuddireba a kan akwatin wutar da masu gyara ke kira fawa, ya kara ƙotar a kunnensa na hagu. Kukan na nan, siriri kamar na sauro, ba ya hawa ba ya sauka.

Haka ya shekara talatin yana yi wa injinan ban-ruwa a fadamar Haɗeja. Tun daga kan kwari manoman shinkafa ke nuna masa inji, kafin ya ƙaraso ya faɗa musu abin da ya lalace a cikinsa. Da gwiwoyi suka ƙi shiga taɓo ya buɗe wa 'yarsa Ummi shagon buga takardu a bakin kasuwa, yana zama yana taya ta. Gwiwa ta tafi, amma kunne, a cewarsa, yana nan daram.

Kwamfutar kuwa ɗan ƙanwarsa Haris ne ya haɗa ta. Malam ne ya riƙe Haris tun yana ƙarami, shi ya tsaya masa a gaban ƙungiyar masu gyara har aka ba shi rumfa. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Da farko Haris ya ce ƙura ce a fanka, ya hure ta. Kuka bai daina ba. Ya ce ko waya ce ke taɓa fankar, ya ɗaure wayoyin. Bai daina ba. Daga ƙarshe ya cire fawar ɗungurungum ya sa wata, ya ce sabuwa ce fil a kwali. Washegari da sassafe, kafin kasuwa ta cika, Malam ya buɗe shago ya ji ta tana yi kamar ba a taɓa ta ba.

Sai ya fara lura da wasu abubuwa. In an kai kwamfutar rumfar Haris, inda janareta biyu ke ruri, sai ta yi tsit kamar ta san gidan ubanta. In ta dawo, ta ci gaba. Haris kuma ya koyi wata irin magana ƙasa-ƙasa, ta marasa gaskiya, sai an ce ya maimaita. Ummi ma in ya tambaye ta ko tana ji, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Baba, kamar dai.” Kamar dai! Ya tabbata bakinsu ɗaya. Yaron ya goge tsohuwar fawa ya mayar, ya kai sabuwar wani wuri, yarinyar kuma tana rufa wa ɗan'uwanta asiri.

Ba fawar ce ta dame shi ba. A ce yaron da ya goya shi zai raina masa hankali, wannan ya hana shi jin daɗin tuwo.

Ya kai ƙara wajen Alhaji Zarami, shugaban ƙungiyar. Dokarsu a fili take: wanda aka kama ya musanya kayan mai kaya, ya bar rumfa, kuma babu mai sake ba shi wuri a kasuwar. Malam ya san haka sarai. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada a gwada kwamfutar a kasuwa. A kai ta zauren Alhaji, inda wutar sola ce, babu janaretan da zai rufa wa maƙaryaci asiri.

Bayan azahar suka taru su huɗu. Unguwar shiru, ko akuya ba ta motsi. Haris ya durƙusa yana jona wayoyi, yana ta jinkiri, Malam kuwa ya ƙirga jinkirin nan cikin hujjojinsa.

“Ba sai na duba ba,” in ji shi. Ya juya musu baya ya rufe ido, kamar yadda yake yi a bakin kogi in manoma sun so gwada shi.

Bai jira komai ba kukan ya taso, ya fi na kullum ƙarfi da tsabta. Wani daɗi mai ɗaci ya kama shi.

“Ga ta nan, Alhaji. Ba fanka ba ce, fanka kaɗawa take yi. Wannan daga cikin naɗin waya yake, tsohuwar fawa ce ta gaji. Ko a kotu zan faɗa.”

Alhaji Zarami ya yi gyaran murya kamar zai yi magana, sai Haris ya riga shi, da ƙarfi wannan karon, kalma ɗaya-ɗaya.

“Gaskiyar Kawu ce, Alhaji. Na ji ta. Laifina ne, a karɓi rumfar.”

Ummi ta fashe da kuka. Malam ya yi tsammanin zai ji sanyi a ransa, sai ya ji tausayi ya taso masa, har ya fara tunanin yadda zai roƙa wa yaron sassauci tunda ya amsa laifinsa. Amma kukan fawar ya cika masa kai, ya hana shi haɗa magana.

“A kashe ta mana,” ya ce. Babu wanda ya motsa.

Ya juyo da kansa, ya sunkuya da ƙyar, ya bi wayar da hannu zuwa bango don ya zare ta. Kan wayar na yashe a kan tabarma, taku guda daga soket, Haris bai kai ga jona ta ba, kukan kuwa yana nan a kunnensa na hagu bai ragu ba.