Bakinsa Bai Motsa Ba

Da hantsi Abbagana, mai fassarar majigi, ya iske Yakaka a bakin tashar jirgin Nguru tana jera bandar kifi a faifai. An riga an ɗaure kaya a motar 'yan majigi. Gashuwa za su, daga can kuma sai inda Baturen da ke shugabantarsu ya ce.

"Ki jira ni, Yakaka. Da kaka zan turo manya gidanku."

Ba ta ɗago ba. "Jiya na kalli majiginku. Mutumin nan mai rigar azurfa, da ya hau jan jirgi ya tafi yaƙar korayen dodannin taurari don ya ceci duniya."

"Ai ya cece ta."

"Da zai tafi, ka ce mana ya yi wa matarsa alkawarin dawowa." Sai a lokacin ta dube shi. "Ni fuskarsa nake kallo, Malam. Bakinsa bai motsa ba. Kai ka ƙara."

Direba ya danna hon. Abbagana ya sunkuyar da kai.

"Tausayinta na ji."

"Na sani." Ta naɗe kifi biyu a ganye ta miƙa masa. "Ga guzuri. Ni kada ka ji tausayina."