Yayen Rabi

Ranar da aka shafa wa Zara maɗaci a nono, Zinariya ce ta fara isa ƙofar ɗakin da zanen goyo a kafaɗa.

A Galma kowa ya san gidan kaka ake kai yaye, kakar Rabi ɗiyar Zara kuwa Lantana ce, wadda Zara ke kira Inna. Amma farin shekarar tamanin da huɗu ya share rumbun Lantana tas, Zinariya kuwa tana da akuya mai nono. Yunwa ba ta san al'ada ba. Lantana ta yi ta kumfar baki, aka goya wa Zinariya yarinya.

Zinariya baƙuwa ce a garin, daga Ibohamane ta taso ta kama ɗaki daura da gidan Lantana, ba dangin iya ba na baba. Ita da Lantana ba sa ga maciji da juna, ba kuma wanda ya san mafari. Zara ma ba ta tsira ba, don Zinariya ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "waccan". Mata suka ce wannan ƙiyayya ta yi yawa.

Rabi ta kusa shekara biyu, bakinta bai buɗe ba, sai gwaranci da nuni da yatsa. Har an fara raɗe-raɗin bebiya ce. Zinariya ta ajiye kaɗin audugarta, ta zaunar da ita a cinya, tana yi mata hira kamar babba. In Rabi ta nuna randa, sai Zinariya ta ce "ruwa", ta hana ta moɗa har sai ta motsa leɓe. Ruwa ya fito. Nono ya biyo baya. Kafin lokacin girbi yarinya ta iya haɗa "ba ni" da "hura".

Amma kalma ɗaya Zinariya ke wa aiki, safe da yamma, tana dafa ƙirjinta. Duk lokacin da ta faɗe ta sai ta dubi dangar Lantana, zuciyarta na tafasa. Ta daɗe tana dakon wannan ramuwa, ba za ta yi gaggawa ba.

Ranar mayar da yaye mata suka cika tsakar gida. Lantana ta sha lalle, ta buɗe hannuwa.

"Taho wurin kakakki, ɗiyata."

Rabi ta dube ta kamar ta ga baƙon kasuwa. Ta juya ta cusa kai cikin zanen Zinariya, ta ce da ƙarfi, tar, kowa ya ji: "Kaka."

Zara ta miƙe, ranta a ɓace.

"Haba baba Zinariya, mi munka yi miki? Don mi kinka koya mata ƙarya gaban Inna?"

Zinariya ba ta dube ta ba. Ta kafa wa Lantana ido, ta ce:

"Hwaɗa mata in ƙarya ta."

 Yau Lantana ce bebiyar.

Shekara ashirin da suka wuce, a Ibohamane, wannan Lantana, yayar mijin Zinariya, ta kwance yarinya daga bayanta da sunan yaye tun bakinta bai buɗe ba, ta gudo da ita Galma, ta koya mata kiran Inna. Zinariya kuwa ba ƙiyayya ce ta hana ta faɗin sunan Zara ba. Ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗiyarta ta fari?