Motar da Ba Ta Durƙusawa

Tun da aka kafa dokar ɗora kowace mota a kan jakar iska, motoci suka koyi gaisuwa. Da zarar motar wani babba ta gifta, sai iskar ta fice, motar talaka ta durƙusa har ya wuce.

Lantana mai sayar da randuna ta gaji. Yau kaɗai a-kori-kurarta ta gaida kwamishina, ta gaida matarsa, har da direban da aka aika cefane. Kowace gaisuwa sai randa ta fashe.

Ta faɗa garejin Tanimu rai a ɓace.

"Malam Tanimu, cire mini balan-balan ɗin nan, ka sa mini sifirin na ƙarfe irin na da. Ga araha, ga ƙarko."

Tanimu ya waiga titi. "Hajiya, rage murya. Ƙarfe fa bai san manya ba."

"Ai shi nake nema! Randa nake sayarwa ko tsingaro?"

Ya nuna mata wata mota a bayan gareji, tsaye ƙiƙam, ciyawa ta kai mata ƙofa. "Ta Alhaji Nadabo ce, bara na sa masa. An kira shi ya je ya yi bayani, ya ce in riƙe masa makulli."

Lantana ta daɗe tana kallon motar. Can jiniya ta taso, a-kori-kurarta ta yi huci a bakin titi, sai ƙarar fashewa.

Ta ja tsaki. "Sa mini. In sun zo wucewa, ni zan sauka in durƙusa. Gwiwata dai ba yumɓu ba ce."