Manomin da Ya Share Faifan Kwaɗo

Tunda ka ce sai ka gyara duk abin da ka tarar kafin ka tambayi dalilin da ya sa aka bar shi haka, zauna in ba ka misali. Har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Wani manomi ne, mutumin tudu, ya gaji gonar fadama daga kawunsa. Gwani ne na gaske, in ya ja kunya sai ka rantse da igiya aka auna ta. Shanun huɗarsa biyu, fari da ja, tun suna maruƙa ya raine su, kuma ban da su ba shi da ko akuya. Da ya zaga gonar sai ransa ya ɓaci. Kunyoyin kawu duk sun tafi sambal, amma da sun kusa tsakiya sai su karkace, su kewaye wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. Wata ciyawa mai yaɗo ce ta rufe filin, kore shar, alhali ana tsakiyar bazara. Mutanen ƙauyen suna ce mata faifan kwaɗo, saboda ganyenta zagaye ne, girman kwabo, kuma sandarsa a tsakiyar ganyen take ta ƙasa. Ba ta tashi sama, rarrafe take yi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta sa saiwa. Ko furenta sai ka ɗaga ganye za ka gani. Yaron goye ma a fadamar nan ya san ba ta zama sai inda ƙasa ba ta bushewa, kuma inda ta yi kauri, to akwai idon ruwa a ƙarƙashi da laka mai zurfi. Shi ya sa ba mai taɓa ta. Ita ce alamar da mai huɗa ke hangowa ya juya shanunsa.

Ranar da ya ɗauko fartanya, wata tsohuwa mai gonar albasa a maƙwabtansa ta tsaya ta dube shi.

“Ɗan nan, kawunka ba makaho ba ne. Laka ce a ƙasan nan, bar ciyawar inda ka gan ta.”

Ya ce to, Inna. Sannan ya je gefen filin ya buga diddige sau uku, ya ji ƙasa daram. Bai san saiwoyin da suka saƙu kamar tabarma ne suka ɗauke shi ba. A ransa ya ce lalacin tsofaffi ne kawai, kowa ya gaji da noma sai ya ƙirƙiro laka. Daga bakin filin ya riƙa miƙa fartanya mai doguwar ƙota yana janyo ciyawar, ta taho faffaɗa faffaɗa, ya tara, ta bushe, ya ƙone. Ya rushe karkatattun kunyoyin kawu. Rana ta yi kwana arba'in tana gasa wurin har ya yi ɓawo, ya tsattsage, ya zama kamar ko'ina. Gona ta yi fes, kuma gaskiya ta yi kyau, masu wucewa har tsayawa suke. Shi kansa, da za ka ce ya nuna maka inda ciyawar take a da, sai ya yi kame-kame.

Da ruwan farko ya sauka, ya ɗaura wa shanu karkiya da hantsi ya fara huɗa. Kunya goma sha ɗaya ya ja, kowace kamar an ɗora ta da hannu. A ta goma sha biyu, yana tafe yana yi wa farin sa kirari, sai ƙasa ta buɗe. Ba wata ƙara, ɓawon ne kawai ya karye, ƙafafun gaban farin suka shige har ƙirji. Kafin ya saki garma karkiya ta fizgo jan ya durƙusa. Allah ya taimaka ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, jan ya ja da baya. Farin kuwa duk yunƙurin da ya yi sai ya ƙara nutsewa. Mutane suka sheƙo da igiyoyi da itatuwa da tufaniya, wato ƙyauren kara na ɗaki, ƙarti sun fi ashirin suna ja, igiya biyu ta tsinke. Aka rasa inda za a taka, domin ba wanda ya san inda lakar ta fara da inda ta ƙare. Kafin azahar tozo ya ɓace, saura wuya da kai, hancin yana huci yana fesa baƙar laka. Mata suka riƙe baki.

Sai wani dattijo ya dafa kafaɗar manomin ya ce masa a hankali, in bai yanka farin yanzu ba, mushe zai zama. Aka nemi wanda zai shiga, farin ya ƙi yarda kowa ya matso sai mai shi. Haka mutumin nan ya kwanta rub da ciki a kan tufaniya, ya rarrafa, ya kama ƙahon. Sa ya lasar masa hannu. Ya yi bisimilla, ya yanka. Kai da wuya kaɗai aka fitar, sauran naman yana can har gobe.

Ya zauna a kan miƙaƙƙiyar kunyarsa, laka da jini har gira, ya kasa ko kuka.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.